Kafin a Yanke wa Tsohuwar Kwamfuta Hukunci, a Sauya Mata Ma'ajiya

Da wuya ka shiga ofishin ƙaramar hukuma, ko ɗakin malamai na wata makaranta, ko shagon buga takardu a bakin kotu ko ƙofar jami'a, ka rasa wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka riga aka yanke wa hukunci. Wata an tura ta lungu an aza mata tulin fayiloli, wata kuma ana lallaɓawa da ita ana tsaki. Laifin da ake ɗora musu ɗaya ne, wato nawa. Ka kunna ta, sai ka gama gaisawa da mutanen ofis kafin ta farka. Ka danna takarda, sai ta tsaya tana nazari, 'yar fitilar gabanta tana ƙiftawa, cikinta yana ƙaras-ƙaras, mai jiran aiki yana tsaye a kanka. Daga nan sai a ce ai ta tsufa, ƙwaƙwalwarta ta gaji, a shiga lissafin kuɗin sabuwa. A ganina an zalunci mafi yawan irin waɗannan kwamfutoci. Ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take, har ma ta fi ƙarfin aikin da ake ba ta. Sashe ɗaya ne tak yake riƙe musu ƙafa, shi ne faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had-dis. A cire shi a sa ma'ajiyar zamani da ake kira SSD, sai na'urar da aka fid da rai da ita ta koma aiki kamar ba ita ba, a kan kuɗi kaɗan idan aka gwada da na sabuwa.

Kafin a gane dalili sai an san yadda aiki ke tafiya a cikin akwatin nan. Sassa uku ne ke ɗauke da nauyin. Akwai firosesa, wadda ita ce ke yin duk wani lissafi. Akwai RAM, inda ake baje abin da ake aiki a kansa a yanzu, wanda da zarar wuta ta ɗauke komai na cikinsa ya tafi. Sai kuma ma'ajiya, inda Windows da manhajoji da takardu da hotuna ke zaune, ko da wuta ko babu. Ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai kaifin lissafi, wanda ba ya ɓata lokaci wajen ciniki. Shi ne firosesa, teburin gabansa shi ne RAM, sito kuma shi ne ma'ajiya. Idan duk turmin atamfar da mai saye ya nema sai an aiki yaro sito, yaron kuwa mai sanyin jiki ne, kuma ba ya ɗauko turmi biyu a tafiya ɗaya, to kaifin lissafin maigida bai tsinana komai ba, zama zai yi yana kallon hanya. Wanda ya ga jama'a sun taru a shagon ya ce a sauya maigida, bai san inda gizo ke saƙa ba. Yaron aike ya kamata a sauya.

Wannan jinkiri abu ne da ake iya lissafawa. Had-dis inji ne mai sassa masu motsi. A cikinsa akwai faya-fayai masu sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa a kan sanda ɗaya, da wani siririn hannu mai ɗauke da kan karatu da ke shawagi a samansu, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Tsarin tsoho ne ƙwarai. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da na farko a 1956, mai faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa kusan tan guda, amma abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba, wato hoton waya ɗaya ko biyu na yau. Daga wancan lokaci an ƙanƙantar da shi, an ninka cikinsa sau miliyoyi, amma dabarar tana nan yadda take: duk abin da aka nema sai hannun ya matsa zuwa layin da abin yake, sannan ya jira faifan ya juyo da shi. Had-dis na kwamfutar tebur yawanci yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a sakan. Matsawar hannu da jiran juyi, in aka haɗa, sukan ci kimanin milisakan 12, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A ido wannan ba komai ba ne. Amma firosesa mai gudun gigahaz 3 tana bugawa sau biliyan 3 a sakan, ke nan a wannan ɗan jiran kaɗai ta yi asarar bugu miliyan 36 tana zaune. Haka kuma lissafin yana nuna cewa had-dis ba ya iya ɗauko ƙananan abubuwa warwatse fiye da sau ɗari ko makamancin haka a sakan ɗaya, alhali tashin Windows kaɗai yana buƙatar dubban ƙananan fayiloli da ke nan da can a kan faifan. Ƙaras-ƙaras ɗin nan da ake ji, hannun ne yake kai-komo.

SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta. In ka buɗe ƙwansonta, abin da za ka tarar ɗan allo ne mai ɗauke da 'yan baƙaƙen ƙwayoyin lantarki, dangin waɗanda ke cikin filashi da katin memori na waya, tare da wata ƙwaya guda mai kula da shige da fice. Ana adana bayani ne ta hanyar tsare cajin lantarki a cikin biliyoyin ƙananan ɗakuna, kuma cajin yana zama ko an ɗauke wuta. Injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya ƙirƙiro wannan fasaha a shekarun 1980, kuma nau'inta da ake kira NAND, wanda SSD ke amfani da shi, ya bayyana a 1987. A 1991 kamfanin da yanzu ake kira SanDisk ya fitar da SSD mai megabait 20 kacal a kan kusan dala 1,000, farashin da ya sa ta daɗe ba ta sauko hannun talaka ba. Yau kuwa a shagon kayan kwamfuta na unguwa ake sayen mai gigabait 256, wadda ta ninka waccan sau dubu goma sha biyu da ɗoriya. Tunda babu hannun da zai matsa, babu faifan da za a jira, SSD tana isa ga abin da aka nema cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan, ko a ina yake. Wannan ya ninka saurin neman had-dis kusan sau ɗari, kuma tana amsa dubun-dubatar buƙatu a sakan ɗaya. Ga shi ba ta ƙara, ba ta tsoron girgiza, wutar da take ci kuma ba ta kai ta had-dis ba.

Wani mai ɗan sani zai ce tsohuwar kwamfuta ba za ta ci moriyar wannan sauri ba, domin ƙofar da ake jona ma'ajiya a jikinta ita ma tsohuwa ce. Akwai gaskiya a maganar, amma rabi. Ƙofar sunanta SATA, kuma zubi uku gare ta: na farko, na 2003, yana wuce da kimanin megabait 150 a sakan, na biyu 300, na uku kuma, wanda ya fito a 2009, yana kaiwa 600, wanda a aikace SSD kan samu wajen 550. Sababbin kwamfutoci ma sun wuce nan, suna amfani da wata siririyar SSD da ake kira NVMe, wadda ake soke ta kai tsaye a jikin madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke jone da shi, tana gudun megabait 3,500 zuwa 7,000 a sakan. In aka jera waɗannan alƙaluma sai a ga kamar sa SSD a ƙofar SATA ta biyu ɓarnar kuɗi ce. Sai dai duk alƙaluman suna magana ne a kan kwashe babban fayil guda, kamar fim, daga wuri zuwa wuri, kuma a wannan fage ko had-dis ba baya ba ne, yana yin megabait 100 zuwa 200. Aikin yau da kullum kuwa ba kwasar fim ba ne. Buɗe Word ne, da neman wasiƙar da aka buga makon jiya, da shiga intanet, da aika takarda zuwa furinta, duk ƙananan abubuwa ne birjik, waɗanda lokacin nema ne ke ƙayyade saurinsu, faɗin ƙofa bai dame su ba. Lokacin nema kuwa SSD ta riga ta rage shi ko a wace ƙofa aka jona ta. Shi ya sa bambancin had-dis da SSD a ƙofar SATA ta biyu kowa yana ganinsa da idonsa tun daga kunnawar farko, alhali bambancin SATA da NVMe da wuya mai buga takardu ya lura da shi.

Ba sai an yarda da maganata ba, kwamfutar da kanta za ta ba da shaida. A lokacin da take cikin nawarta, a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, sai Task Manager ya buɗe, ya nuna yawan nauyin da ke kan kowane sashe. Idan layin CPU, wato firosesa, yana kashi 10 ko 20 cikin ɗari, na Memory, wato RAM, bai cika ba, amma na Disk ya kafe a kashi 100 ya ƙi saukowa, to an kama mai laifi. Idan kuwa CPU ce kullum a ƙure, sai a binciki zafi, da ƙurar da ta toshe fanka, da wata muguwar manhaja da ke aiki a ɓoye. Idan Memory ne ya cika taf, ƙarin RAM ake buƙata. Yawancin kwamfutocin tokumbo da ke cika kasuwanninmu, daga Computer Village da ke Ikeja har zuwa shagunan Titin Beirut a Kano, hoto na farko suke nunawa. Su ne irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su 'yan shekaru suka sallama. An ƙera su ne don su jure aikin yini guda kullum, kuma da yawansu suna ɗauke da Core i3 ko Core i5 na zubi na biyu zuwa na huɗu, wato 'yan 2011 zuwa 2014. Irin wannan firosesa har gobe ta wadatar wajen buga takardu, da lissafin Excel, da rajistar ɗalibai, da koyar da yara kwamfuta. Abin da ya rage a jikinsu na zamanin da shi ne faifan.

Aikin sauyawar bai kai yadda ake tsoronsa ba. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni don ragowar caji ya fita. A buɗe murfin gefe. A yawancin kwamfutocin ofis ko sukundireba ba a buƙata, wani ɗan mariƙi ake ja. Kafin a taɓa komai a ciki a dafa ƙarfen akwatin, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa jiki ya tara lantarkin nan da ke yin tartsatsi in an taɓa ƙofar mota, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa ya ƙona ƙwaya. Had-dis yana nan a gaba-gaba, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi na awon inci 3.5, da wayoyi biyu a bayansa. Siririyar, mai tafiya zuwa madabod, ita ce ta bayanai. Mai faɗin, wadda ta fito daga akwatin wuta, ita ce ta lantarki. Bakin kowacce yana da 'yar lanƙwasa irin ta harafin L, don haka ba ta shiga a juye, in ta ƙi a juya ta, kada a sa ƙarfi. Waɗannan wayoyi biyu su ne dai za su shiga SSD. Ita 'yar awon inci 2.5 ce, shafal, ba ta wuce tafin hannu ba, saboda haka ramin had-dis zai yi mata yawa. Akwai ɗan faranti da ake saya a ɗaure ta a kai da sukuru huɗu, in babu kuma masu gyara kan manne ta da tef mai fuska biyu, ba laifi, tunda ba ta jijjiga. A duba rubutun da ke gefen ƙofofin madabod a jona ta a wadda aka sa wa SATA 0, domin yawanci ita ce mafi sauri. Tunda an riga an buɗe, a hure ƙurar da ta yi dandazo a fanka kafin a mai da murfi.

Saura batun Windows, kuma hanya biyu ce. Ta farko ita ce a kwafe tsohon faifai ɗungurungum zuwa SSD da manhaja irin su Clonezilla, wadda kyauta ce, ko wadda wasu kamfanoni kamar Samsung ke bayarwa tare da kayansu. Amfanin wannan shi ne komai zai dawo inda aka saba ganinsa, sharaɗinsa kuma shi ne abin da ke cikin tsohon kada ya fi cikin sabuwar. Ta biyu ita ce a sa Windows sabo fil daga filashi, kuma ita na fi zaɓa wa kwamfutar da ta shekara da shekaru tana tara tarkace da ƙwayoyin cuta daga filashin jama'a, domin kwafi da dattin yake tafiya. Lasisin Windows 10 a jikin madabod yake ɗaure, don haka sauya ma'ajiya ba ya ɓata shi. Kafin a sa Windows a leƙa BIOS, wato shafin saitin madabod, a tabbatar an saita SATA a kan AHCI, kuma a zare tsohon faifai har sai an gama, don kada a goge shi bisa kuskure. Bayan nan a mai da shi ya zama na biyu, a zuba masa finafinai da hotunan biki da karatuttuka, Windows da manhajoji da aikin yau da kullum su zauna a SSD. Wannan ita ce amsar mai cewa gigabait ɗin SSD ya fi na had-dis tsada: gaskiya ne, amma babu wanda ya ce sai an sayi babba. Mai gigabait 240 ko 256 ta ishi aikin ofis, mai 500 kuma wadata ce. Kada dai a cika ta maƙil, a bar mata ko da kashi ɗaya cikin goma a sake, don tana buƙatar fili wajen gyaran cikinta.

Babbar sukar da aka fi ji a bakin masu gyara ita ce SSD ƙarewa take yi. Wannan ma gaskiya ne: kowane ɗaki a cikinta yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai jura. Abin tambaya shi ne yaushe za a kai iyakar. Ƙwayar da ke kula da ita tana rarraba rubutu daidai wa daida a kan dukkan ɗakuna don kada wani ya riga wani lalacewa, kuma kamfanoni suna rubuta adadin da suka lamunta a jikin kwali. Samsung 870 EVO mai gigabait 500, alal misali, an lamunce mata rubutun terabait 300 ko shekara 5, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ke rubuta gigabait 20 kowace rana, abin da mai buga takardu da wuya ya kai, sai ya shekara 41 kafin ya cinye terabait 300. An ma gwada abin a aikace. Daga 2013 zuwa 2015 wata kafar fasaha ta Amurka mai suna The Tech Report ta ɗauki SSD shida ta riƙa yi musu rubutu dare da rana har suka mutu. Babu wadda ta faɗi kafin terabait 700, ta ƙarshe kuwa sai da ta haura terabait 2,400. Gaskiya ne masu arha na yanzu, waɗanda ake cusa bayani ninki huɗu a ɗaki ɗaya, ba su kai waɗancan juriya ba, amma ko su sun fi ƙarfin aikin ofis nesa ba kusa ba. A kwamfutar da ta shekara goma, fanka ko akwatin wuta ko madabod ne za su riga SSD kwantawa.

Akwai wata sukar da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Had-dis yakan yi jinya kafin ya mutu, ya yi ƙara, ya riƙa sanƙarewa, mai lura ya kwashe kayansa. SSD kuwa tana iya kwana lafiya a wayi gari kwamfuta ba ta ganinta, kuma ceto bayani daga cikinta ya fi wuya da tsada. Ko fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ba kasafai ake dawo da shi ba, domin tun daga Windows 7 na 2009 akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke gaya wa SSD ta share gurbin abin da aka goge don ta ci gaba da sauri. Ɗauke wuta ba zato, da faɗuwar ƙarfinta lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta, suna iya rikita taswirar da take gane inda ta ajiye komai, ko da yake had-dis ma ba ya tsira daga wannan. Sannan ga zafi. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ita ce SSD ta gida da ta cinye adadin rubutunta ta riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30, kuma riƙon yana raguwa in zafi ya ƙaru. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa bazara tana haura digiri 40. Duk wannan bai rushe hujjar ba, iyakarsa ya fayyace aikin kowa. SSD ta aiki ce, ba ta jefawa a durowa shekara da shekaru ba. A haɗa kwamfuta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma duk abin da rashinsa zai sa kuka, kamar sakamakon jarrabawa ko kundin digiri ko lissafin shago, a ajiye kwafinsa a wani wuri daban. Wannan wajibi ne ko da wace irin ma'ajiya ake aiki.

Haɗarin da ya fi kusa da mai saye ma a kasuwa yake. Akwai jabun SSD da aka yi wa dabara take nuna terabait guda alhali cikinta bai kai ko kusa ba, sai an zuba kaya sun wuce ainihin cikinta a ga na farko sun lalace. Akwai kuma tsofaffi da suka sha aiki, aka goge su aka sa a sabon kwali. Araha ba ta ado, kuma duk wadda kuɗinta ya faɗi ƙasa da na sa'o'inta da yawa, akwai dalili. Maganin abin mai sauƙi ne. A nemi sanannen suna irin su Samsung ko Kingston ko Western Digital a wurin mai shagon da zai ba da rasit da garanti. A ranar da aka saya a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, za ta nuna awa nawa ma'ajiyar ta taɓa yi a kunne da yawan rubutun da aka yi mata. Sabuwa ba ta da dalilin nuna dubban awoyi. Sai kuma H2testw, wadda ke cika ma'ajiyar da bayani ta sake karantawa, ta tona asirin mai ƙaryar ciki. Gwajin yini ɗaya ne, kuma gara a yi shi tun rasit bai ɓace ba.

Adalci ya sa a faɗi inda wannan magani ba ya ci. Kwamfutar da had-dis ɗinta ke jone da faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 40, ta zamanin IDE ce, 'yar kafin SATA, kuma kashe mata kuɗi asara ne. Wadda RAM ɗinta gigabait 2 ne za ta ɗan farfaɗo, amma ba za ta sake ba sai an kai shi 4, in da hali 8, kuma Windows mai bit 32 ba ya iya amfani da fiye da 4. Mai haɗa bidiyon biki ko zanen gini ko wasannin zamani, firosesa da katin hoto ne matsalarsa. Wadda ke mutuwa da kanta, ko aka ga 'yan gwangwanayen madabod ɗinta sun kumbura, ciwonta daban. Sai kuma babban batu: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin tsaro na shekara ɗaya da ya buɗe wa masu amfani a gida. Windows 11 kuwa yana neman kariyar TPM 2.0 da firosesar Intel ta zubi na takwas, wato daga 2017 zuwa sama, sharaɗin da ya bar yawancin tokumbonmu a waje. Wannan ba ya nufin kwamfutar za ta daina tashi, ma'anarsa ita ce za a daina toshe mata sababbin ƙofofin ɓarayin intanet. Wadda aikinta buga takardu ne, ba ta shiga intanet, za ta ci gaba da aikinta. Wadda ake harkar banki ko adana bayanan jama'a da ita, ko dai a sa mata Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya sumul a tsofaffin injuna, ko kuwa a fara tanadin wata.

Ko a wannan hali na ƙarshe kuɗin SSD bai faɗi ƙasa banza ba, domin ba mannata aka yi a jikin kwamfutar ba. Ranar da aka sayi wata sai a zare ta a tafi da ita, ko a sa ta a ɗan ƙwanso mai wayar USB ta zama ma'ajiyar hannu. Akwai kuma ribar da ba ta aljihun mutum ɗaya ba ce. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa ƙera kwamfutar tebur ɗaya da allonta na wancan zamani yana cin kilo 240 na makamashi irin su fetur da kwal, da kilo 22 na sinadarai, da lita 1,500 na ruwa. Rahoton hukumomin Majalisar na 2024 kuma ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mun san inda ragowar ke ƙarewa a garuruwanmu: hannun 'yan jari-bola, waɗanda da yawansu yara ne, suna ƙona wayoyi don cire tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Duk kwamfutar da aka ƙara wa shekara uku ko huɗu tana aiki, an jinkirta zuwanta wannan wuri, an kuma rage dalar da za a fitar a shigo da wata.

Saboda haka kira na ga shugabannin makarantu, da masu shagunan buga takardu, da jami'an da ke rubuta takardar neman sayen sababbin kwamfutoci, shi ne su yi gwaji kafin su sa hannu. A ɗauki guda ɗaya daga cikin waɗanda aka jingine, a duba Task Manager, a tabbatar tana da ƙofar SATA da RAM aƙalla gigabait 4, a sa mata SSD ta gaskiya, a ba ma'aikacin da ya fi kowa ƙorafi ya yi mako ɗaya da ita. In ba ta gamsar ba, abin da aka kashe kaɗan ne, kuma ma'ajiyar tana nan za ta yi amfani a wani wuri. In kuwa ta gamsar, kuɗin sabuwar kwamfuta ɗaya zai tayar da tsofaffi da dama.